Ƙurar Dutse Ba Ta Gaggawa

A wannan wata za mu duba ƙurar da 'yan uwanmu masu fasa dutse suke shaƙa a wurare irin su Weija da Gbawe, inda mata da yara ke wuni da guduma suna mayar da dutse tsakuwa, ba abin da ya rufe musu hanci.

Bari mu fara da labarin Biancavilla, wani gari a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya. Shekara da shekaru mutanen garin suna ɗibar dutse da rairayi daga tudun Monte Calvario, suna gini, suna shafe bango, suna cike hanyoyi. A shekarun 1990 likitoci suka lura ana yawan mutuwa da wata irin sankarar rigar huhu wadda ba a cika ganinta ba sai ga masu aikin asbestos. To, garin ba shi da irin wannan masana'anta. Ashe cikin dutsen ne Allah ya halicci wasu zaruruwa siraran gaske, dangin asbestos, waɗanda ido ba ya gani. Har matan da ba su taɓa zuwa wurin fasa dutsen ba sun kamu, a gida suka shaƙa. Aka rufe wurin, aka zuba wa hanyoyi kwalta, a 2014 kuma hukumar binciken sankara ta duniya ta tabbatar zaren yana haddasa cutar.

Mugun halin wannan zare shi ne haƙuri. Yakan shiga huhu ya kwanta shekara 20 zuwa 40 kafin tari da sarƙewar numfashi su bayyana. Saurayin da ya shaƙa yau, sai ya yi jikoki tukuna.

Ko dutsen da ba shi da asbestos ma, ƙurarsa tana ƙeƙasar da huhu, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Shi asbestos ɗin kuwa, mu a nan yana bisa kanmu: tsohon rufin sileti da ke gidaje da makarantu a Nima da Maamobi. Muddin yana zaune lafiya, da sauƙi. Ranar da aka farfasa shi ko aka sa masa zarto, ranar ce. Samarinmu 'yan bola, da aka tashe su daga Agbogbloshie a 2021 suka bazu unguwanni, har yanzu suna kwasar tarkacen gini da tsoffin takalman birki da hannu.

A riƙa yayyafa wa dutse ruwa kafin a fasa. Sileti a jiƙa shi, a sauke shi ɗungurungum. Kayan aiki a wanke su daban, kada a kakkaɓe a tsakar gida. Ɗankwali a hanci ba ya tare wannan ƙura, kada mu ruɗi kanmu. Wanda tari ya ƙi sakinsa ya je Korle Bu, ya faɗa wa likita aikin da ya taɓa yi, ko da tun zamanin Rawlings ya bar shi.