Golmon zamani: Darasin Zuru ga matasa masu aikin manhaja a ƙasashen waje

A al'adar Dakarkari na ƙasar Zuru, saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo. Shi da sa'o'insa za su riƙa nome gonar surukinsa damina bayan damina, har shekara bakwai. Aiki ne mai wahala, amma kowa ya san ranar da zai ƙare. Idan wa'adi ya cika, sai a yaye shi a bikin Uhola a gaban jama'a, ya ɗauki amaryarsa.

Yanzu akwai wani sabon golmo da matasan Najeriya ke rububin shiga, wato aikin rubuta manhajar kwamfuta a kamfanonin Birtaniya da Jamus da Kanada da Amurka. Albashin na da tsoka, musamman tun da darajar Naira ta zube bayan watan Yunin 2023. Sai dai wannan golmon ba shi da wa'adi. Duk ɗan Zuru da ya shige shi bai yanka wa kansa ranar fita ba, aure da haihuwa da tsufan iyaye za su wuce shi yana gaban kwamfuta.

Yadda aikin ke cinye shekaru

Yawancin kamfanonin manhaja suna raba aiki ne zango-zango, galibi na mako biyu. Da an rufe wannan zango, washegari a buɗe wani. Babu kaka, babu rani, balle manomi ya ajiye fartanya ya huta.

Ga kuma zaman ko-ta-kwana, inda ake ba injiniya makon da wayarsa za ta iya ƙara da tsakar dare idan manhaja ta tsaya. Wanda ke Kalifoniya kuwa, Najeriya na gaba da shi da awa takwas ko tara, don haka lokacin da ya tashi aiki, iyayensa a Dabai ko Ribah sun daɗe da yin barci.

Akwai kuma igiyar da ba a gani. Kamfanoni da dama a Amurka suna biyan wani ɓangare na lada da hannun jari, wanda ba ya zama mallakar ma'aikaci gaba ɗaya sai bayan shekara huɗu. Kafin su cika, sai a ƙara masa wani sabon kaso mai nasa wa'adin. Ko yaushe ya yi niyyar tafiya, akwai kuɗin da zai bari a baya. Tamkar suruki ne da ke ƙara wa saurayi damina ɗaya duk lokacin da ya zo ɗaukar amarya.

Tsoron rasa biza

Ba kwaɗayi kaɗai ke hana ma'aikaci ƙin aikin da ya fi ƙarfinsa ba. Takardar zamansa a hannun kamfani take. Mai bizar H-1B a Amurka, idan aka sallame shi, kwana 60 ne iyakar abin da doka ta ba shi ya sami wani aiki ko ya tattara kayansa.

Ba labarin ƙanzon kurege ba ne. A watan Nuwamban 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya sallami mutum 11,000. A Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft kuma 10,000. Wanda ya ga haka ya sami abokin aikinsa, da wuya ya nemi hutun mako uku don bikin ƙanwarsa.

Zuwa gida ma kansa aiki ne. Jirgi daga Landan zuwa Abuja awa shida ne da 'yan kai, sannan a kama hanyar Kontagora da Rijau a mota, ga ramuka ga fargabar 'yan bindiga. Hutun mako guda, rabinsa a hanya yake ƙarewa.

Zuru ta saba da tafiyar 'ya'yanta

Barin gida don neman abinci ba baƙon abu ba ne a wannan masarauta. An san Zuru da aikin soja tun zamanin Turawa. Daga nan Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya shugabanci rundunar sojin ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Marigayi Manjo Janar Muhammadu Sani Sami ya yi gwamnan soja a Jihar Bauchi daga 1984 zuwa 1985, daga baya ya dawo gida ya riƙe sarautar Zuru har rasuwarsa a 2025.

Amma soja yana da hutu a rubuce, yana da shekarun ritaya, yana da fansho. Yakan yi aure, ya ɗauki iyalinsa zuwa bariki, ya riƙa aza bulo a gida har ranar dawowa. Hukuma ce ta tsara masa tafiyar da komowar. Injiniyan manhaja ba shi da mai tsara masa, dole shi ya zama hukumar kansa.

Hujjar masu cewa a daure

Wasu za su ce wannan magana ce ta wanda ya ƙoshi. Hare-hare sun raba mutane da gonakinsu a Danko-Wasagu da Sakaba, kuma kuɗin da ɗa ɗaya ke turowa na iya riƙe gidaje uku, ya biya kuɗin makaranta da na asibiti. Ga kuma takardar zama ta dindindin, wadda sai an jure shekaru kafin a samu.

Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce matashi ya yar da irin wannan dama. Ba tafiyar ce matsala ba, rashin wa'adi ne. Ko a Birtaniya, ƙa'idar neman zaman dindindin ta yarda mutum ya yi har kwana 180 a wajen ƙasar cikin wata 12, kuma dokar ƙwadago ta ba mai aikin kwana biyar a mako hutun kwana 28 a shekara da albashinsa. Sau da yawa ba doka ce ke hana zuwa gida ba, tunanin "bari a gama wannan aikin tukuna" ne, aikin da ba ya ƙarewa.

Abin da ke jira da wanda ba ya jira

Mataki na farko shi ne mutum ya raba burinsa gida biyu. Ƙarin girma, mota, bene a Birnin Kebbi ko Abuja, duk suna iya jira. Wanda ya rasa ƙarin girma bana, zai iya samu baɗi. Amma ƙuruciyar yaro ba ta jira, haka lafiyar tsohuwa. Musulmi akan binne shi cikin sa'o'i kaɗan, babu jirgin da zai kawo ɗa daga Toronto ya riski jana'iza. Ziyarar da ke da amfani ita ce wadda aka kai wa mai rai.

Na biyu, ya rubuta wa'adinsa da adadi: shekara nawa, kuɗi nawa, sannan me zai biyo baya. Ya faɗa wa iyayensa da wadda zai aura, kamar yadda mai golmo ke yin alƙawarinsa a gaban shaidu. Budurwar da aka ce ta jira "har abubuwa su daidaita" tana da haƙƙin sanin wata da shekara.

Na uku, ya ajiye abin da zai riƙe shi wata shida ba tare da albashi ba, tun kafin ya soma gini. Wannan ajiyar ce ke ba ma'aikaci bakin neman hutunsa. Ya kuma sanar da shugabansa ranakun Sallah ko Kirsimeti ko Uhola tun farkon shekara, domin a can Sallah ba ranar hutu ba ce, kuma hutun da aka nema da wuri ya fi sauƙin samu.

Dangi ma suna da nasu kason. Idan kowace buƙata, daga ragon suna zuwa gyaran babur, za ta hau kan mutum ɗaya, su ne ke ƙara masa shekarun golmo. Ya fi kyau a zuba kuɗin a abin da zai tsayar da wani da ƙafarsa, kamar karatun ƙane a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, ko kwamfuta da intanet ga ƙanwar da ta shiga shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023.

Kakannin Zuru ba su raina wahala ba, shekara bakwai suka yanka wa saurayi. Amma sun yanka, kuma suruki bai isa ya ƙara ba. Jikan da ke rubuta manhaja a Balin ko Landan ya gaji juriyarsu. Saura ya zauna da iyayensa, su ƙirga daminar da ta rage.