Kafin tafiya gida: wane boris za mu saka a ƙafar motocinmu?



Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a tashoshinmu, daga Agege zuwa Mile 12 har Alaba Rago: wane boris ɗin ƙafa ne ya fi? Wani ya rantse da Koyo, wani ya ce in ba SKF ba kada a saka masa, wani kuma ya ce duk sababbin nan ƙarya ne, a nemo masa tokumbo. Tunda kowannenmu ko yana da mota ko zai shiga ta wani idan zai je gida, na ga ya dace in faɗi nawa ra'ayin. A ganina mun kai gardamar inda ba ta da nauyi. Tsakanin manyan kamfanonin nan bambancin kaɗan ne. Abin da ke cinye mana dukiya, wani lokaci har da rai, shi ne jabun da ke cikin kwali mai babban suna, da kuma yadda ake ɗaura shi.

Mu fara da aikin da ɗan ƙarfen nan yake yi. Duk nauyin mota, da fasinja, da lodin da muke jibgawa a but da saman rufi, a kan boris yake sauka, kuma a haka yake juyawa. Tayar bas idan ta juya sau ɗaya tana cin wajen mita biyu. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kilomita 1,000 ce ko fiye. Ke nan zuwa kawai, ba da dawowa ba, kowane boris zai juya kusan sau rabin miliyan, cikin zafin kwalta da ramukan Jebba zuwa Mokwa. Ga kuma ruwan daminar Legas da muke kutsawa ciki kullum, wanda idan ya samu kafa sai ya wanke giris ya bar tsatsa.

Kamfanonin da ake gardama a kansu duk tsofaffin hannu ne. SKF na ƙasar Suwidin ne, tun 1907 yake wannan aiki. Timken na Amurka ya girme shi, an kafa shi a 1899. FAG na Jamus ne. NSK da NTN da Nachi da Koyo duk na Japan ne, kuma kamfanin da ke yin Koyo, wato JTEKT, ɗan gidan Toyota ne. Daga 2022 ma ya fara buga sunan JTEKT a maimakon Koyo, don haka kada wanda ya ga haka a kwali ya firgita. SNR na Faransa yanzu yana ƙarƙashin NTN. Masu ƙera motoci wajen irin waɗannan suke saye. Shi ya sa idan aka buɗe kwalin Toyota na gaskiya, sau da yawa sunan Koyo ko NSK za a gani a jikin ƙarfen.

Saboda haka shawarata mai sauƙi ce. Dubi sunan da lambar da ke jikin wanda motar ta zo da shi, ka nemi irinsa. Mai Hiace ko Sienna ko Corolla ya nemi na Japan. Mai Sharon ko Golf ya nemi FAG ko SKF. Mai J5 ko wata Fijo ya nemi SNR ko SKF. Idan babu wannan akwai wancan, ba laifi, matuƙar lambar ta dace kuma na gaske ne. Lambar nan ba ado ba ce. Wanda aka rubuta DAC4074, alal misali, yana nufin faɗin ramin ciki milimita 40, na waje 74.

Matsalar ita ce masu yin jabu ba sa ɓata lokacinsu kan sunan da ba a sani ba. Sunan da muka fi nema shi suka fi bugawa. A Ladipo da Trade Fair, kamar yadda yake a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, akwai na kirki akwai na banza, wani lokaci a shago ɗaya. Mai zuwa yana kiran suna kawai, to kallon kitse yake yi wa rogo. Rubutun da ke cewa a Japan aka yi shi ba hujja ba ne, domin kowa na iya bugawa. Haka kuma ganin sunan Chaina bai isa a ce jabu ne ba, domin SKF da NSK kansu suna da masana'antu a can.

To yaya mutum zai yi? Na farko, je da ƙafarka tare da bakanikenka, ka ga abin da kuɗinka ya saya. Na biyu, tambayi mai shago kai tsaye: wannan lamba ɗaya ne ko lamba biyu? Da yawansu za su gaya maka gaskiya idan suka ga ka san akwai bambanci. Na uku, ka ji farashi a shago uku. Idan wani ya ba ka babban suna a rabin kuɗin da sauran suka faɗa, ya riga ya gaya maka abin da ke cikin kwalin. Na huɗu, karɓi rasit mai sunan shago da sunan kamfanin da lambar boris ɗin. Wanda ya ƙi rubutawa, bar masa kayansa. Na biyar, wayar hannunmu ma tana taimakawa: SKF yana da manhaja mai suna SKF Authenticate da ake tura hoton kaya su duba, ƙungiyar masu ƙera boris ta duniya kuma tana da WBA Check da ke karanta lambar jikin kwalin wasu kamfanonin.

Masu cewa tokumbo ya fi sabon jabu suna da gaskiyarsu. A ƙofa ko fitila ko giya, na yarda. Amma boris abu ne mai cinyewa kamar taya, kuma babu wanda zai iya gaya maka kilomita nawa ya yi kafin ya iso Apapa. Irin wanda ake matsawa cikin ƙafa kuwa, fitar da shi kaɗai yana lalata shi. Idan dole ta sa, a sayi ƙafar sukutum da boris ɗinta a ciki, a yi zirga-zirgar cikin gari da ita. Amma a ɗauki mutum goma sha takwas a hau hanyar Ilorin da ita, wannan ban goyi baya ba.

Na san abin da direba zai ce: Sakatare, kai ba ka san balas ba. Na sani. Tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, kayan gyara sun yi tashin da kowa ya ji a jikinsa. Amma a yi lissafin duka. Jabu idan ya mutu cikin 'yan watanni za ka sake biyan kuɗin aiki, ka rasa yinin lodi. Idan ya ƙone a hanya zai tafi da hob, wani lokaci da birki, ga kuɗin janwe, ga tumatir ko attaruhu na ruɓewa a rana kafin a kai Mile 12. Idan kuma ƙafa ta fice ana gudu, mu a ƙungiya mun san abin da ke biyo baya: karo-karon asibiti, ko na kai gawa gida. Araha ba ta ado. Wanda aljihunsa bai kai na babban kamfani ba, gara ya sayi na ƙaramin kamfani mai ɗauke da sunansa na gaskiya, ya san abin da ya saka, ya riƙa dubawa. Wanda ya saci sunan wani ba shi da mutuncin da zai kare.

Sai ɗauri, inda ake kashe boris mai kyau tun kafin mota ta bar gareji. Wanda ake matsawa, da injin matsawa ake saka shi, a danna ta zoben waje. Guduma tana lotsa hanyar da ƙwallayen ke bi, bayan ɗan lokaci ya fara kuka, a ce kamfanin ne bai iya ba. Wasu na motoci masu ABS gefe ɗaya yana da maganaɗisu, idan aka juya shi fitilar ABS za ta kama. Irin na manyan motoci da tsofaffin bas mai noti kuwa yana son giris mai jure zafi, da sabon sil, da ɗauri daidai: in ya yi tsauri ya ƙone, in ya yi sako-sako ƙafa ta yi rawa.

Kuma boris yakan yi gargaɗi. Gurnani ne da ke ƙaruwa idan gudu ya ƙaru, yana sauyawa idan an karya kwana. A ɗaga motar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. Idan an tsaya sallah a hanya, a kai hannu kusa da kowace ƙafa, wadda ta fi sauran zafi tana da magana.

A ƙarshe ga abin da zan gabatar a zamanmu na gaba. Mu zaɓi kanikawanmu biyu ko uku da direbobi masu dogon zango, su tantance mana shagunan da ke ba da rasit kuma suke karɓar kaya idan ya zama jabu, mu riƙa saye a wajensu a dunƙule don a samu ragi. Duk wanda ya canza boris ya rubuta suna da ranar da aka saka. Bayan shekara ɗaya littafin ne zai raba mana gardamar tasha.

Allah ya kai mu gida lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya sa albarka a nemanmu. Amin.

Sakataren ƙungiya