Turbo Ba Tsafi Ba Ne

A littattafanmu mota ba ta wuce "dalleliya", ko kuma jarumi ya sa a ɗaura mata turbo ta koma kamar jirgi, har labari ya ƙare ko tari ba ta yi ba. Wannan lalaci ne, kuma mai karatun da ya san gareji dariya yake mana. Da an yi magana sai mu ce Hausa ba za ta ɗauki bayanin inji ba. Za ta ɗauka, bincike ne ba mu yi.

Fistin yana hawa cikin silinda ya matse cakuɗin iska da fetur kafin filogi ya ba shi wuta. Idan sararin ya ragu daga kashi goma zuwa ɗaya, shi ne matsin 10:1. Shi kuwa turbo, hayaƙin da ke hanyarsa ta zuwa salansa ne ke juya shi, ya tura ƙarin iska cikin injin. Turin bar 1 ya kusa ninka iskar da injin zai shaƙa.

To amma matsi da turi a akushi ɗaya suke ci. Dukansu suna ƙara zafi a cikin silinda, kuma in suka wuce abin da fetur zai jure, ragowar cakuɗin sai ya fashe da kansa tun wutar filogi ba ta iso gare shi ba. Ita ce ƙarar nan kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. In ta daɗe, ta karya zoben fistin, ta huda shi kansa fistin ɗin.

Shi ya sa masu ƙera motocin turbo na farko suka sauke matsi ƙasa sosai: BMW 2002 Turbo ta 1973 tana da 6.9:1, Porsche 911 Turbo ta 1975 kuma 6.5:1. Kuma ba a banza suka samu ba, domin kafin turbo ya kama motar ba ta da kuzari, ga shan mai. Yau ƙaramin injin Ford EcoBoost mai lita 1 yana da 10:1 duk da turbo, saboda ana fesa mai kai tsaye cikin silinda, ana sanyaya iskar kafin ta shiga, sannan akwai na'urar da ke sauraron ƙarar nan ta sa kwamfuta ta jinkirta wutar filogi. Injin VC-Turbo na kamfanin Nissan ma canza matsinsa yake tsakanin 8:1 da 14:1 yana cikin tafiya.

Saboda haka jarumin da ya liƙa wa tsohuwar Corolla mai matsin 10:1 turbo, bai taɓa fistin ba, bai gyara kwamfuta ba, yana shan man 'yan bumburutu a zafin watan Afrilu, a babi na gaba ya kamata mu gan shi gefen titin Zariya da bonet a buɗe, yana lissafin kuɗin wani injin.