Idan Babur Ya Mutu Bayan An Ƙetare Magama

Daga Dutsin-Ma, a bi ta Kurfi zuwa Katsina, a miƙa Jibiya, a ƙetare iyaka a Magama, a ratsa Ɗan Isa har a sauka Maraɗi, tafiya ce ta kimanin kilomita 150. Ga mai babur ba wata doguwar hanya ba ce, shi ya sa malamin makaranta ko ma'aikacin jami'a zai iya tasowa da sassafe don ɗaurin aure ko ta'aziyya, da niyyar kwana a gida. A zuciyarsa ba ƙasar waje za shi ba. Yana da hujja kuwa, domin sarakunan Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa Maraɗi, kuma har yau Sarkin Katsinan Maraɗi ake kiran mai sarautarta. Harshe ɗaya, dangi ɗaya.

Wannan sabo shi ne tarkon. Muddin injin yana kuka, matafiyi ɗan gida ne. Da zarar ya yi shiru a gefen hanya, sai mutum ya tuna cewa yana ƙarƙashin wata doka, da wani kuɗi, da wasu jami'ai. Saboda haka lalacewar babur a ƙetare ba matsalar ƙarfe ba ce kawai, kuma mafi yawan maganinta a gida ake haɗa shi kafin a tayar.

Abu na farko shi ne zaɓin abin hawa. Ƙaramin babur mai ƙananan ƙafafu, wanda ke tafiya da bel maimakon sarƙa, yana da daɗi a cikin gari, amma idan bel ɗin ya tsinke a ƙauye babu dabarar da za ta maye gurbinsa. Babur irin na 'yan acaɓa, waɗanda ake kira kabu-kabu a Nijar, ya fi shi rufin asiri, domin kowane bakanike ya san cikinsa, kayansa kuma suna rataye a kowace kasuwa. Babur ɗin da ya fi dacewa da tafiya shi ne wanda ake iya gyarawa a inda za a je, ba wanda ya fi kyan gani a ƙofar ofis ba.

Na biyu, yawancin abin da ke tsayar da mutum ƙananan abubuwa ne: faci saboda ƙaya, fulogi da ya yi baƙi, sarƙa da ta saki, ko kabureta da ta toshe da dattin fetur ɗin kwalba. Waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su, don haka gudu babu hutu a zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, zalunci ne a gare su. Sabon fulogi, da kayan faci, da ƙaramin famfo, da sifana, da canza baƙin mai kafin tashi, duka ba su kai kuɗin ɗora babur a mota ba. Yana da kyau kuma a san cewa sunayen kayan gyara a can daga Faransanci aka aro su. Wanda ya nemi fulogi zai ji ana cewa buji. Nuna tsohon kayan ya fi dogon bayani.

Na uku, kuma mafi nauyi, takardu. Babur da ya mutu dole a tura shi, ko a bar shi, ko a ɗora shi a mota, kuma kowanne daga cikin ukun yana jawo tambaya daga jandarma ko 'yan duwan: na wane ne? A yankin da 'yan bindiga suka mai da babur abin hawan ta'asa, wannan tambaya ba ta wasa ba ce. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari har sai da ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi. Mutumin da ba shi da rasit, ba lamba, ba katin shaida, ya bar kansa a hannun zato.

Wani zai ce takarda ba ta hana a karɓi na goro a shinge, kuma kakanni sun yi zumunci ba tare da hatimi ba. Gaskiya ne, amma iyakar ta sauya. An rufe ta a Agustan 2019 har zuwa Afrilun 2022. An sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, sai a Maris ɗin 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Mai takarda yana iya yin ciniki ko ya ja da magana. Marar takarda roƙo kawai ya rage masa.

Idan abin ya auku, akwai ladubbansa. A riƙe sefa a aljihu, domin bakaniken ƙauye ba ya karɓar tiransifa ta naira. A daidaita kuɗin aiki kafin a kwance ko da noti ɗaya. Idan ya zama dole babur ya kwana, a bar shi da sanin mai gari ko shugaban bakanikai, a gaban shaida, takardun kuma su tafi tare da mai su. Idan la'asar ta yi sanyi ba a gama ba, kwana ya fi alheri, domin hanyar Jibiya ba ta tura babur da magariba ba ce.

Zumunta a ƙafa take, kuma babu mai fatan tsoro ya raba Katsina da Maraɗi. Amma ƙungiyoyin masu babura na Dutsin-Ma da Kurfi za su yi wa jama'a babban aiki idan suka ƙulla alaƙa da takwarorinsu na Ɗan Isa da Madarumfa, ta yadda wanda ya maƙale zai san lambar da zai kira. Baƙo makahon gari ne. Abin da yake bukata shi ne ɗan jagora tun kafin ya taso.