Hunturu Ba Bazata Yake Zuwa Ba, A Sassauta Wa Yaranmu Lokacin Shiga Aji

Jama'a, kowace shekara daga Disamba zuwa Fabrairu labarin ɗaya ne. Sanyin asuba a Kano da Katsina yakan sauka ƙasa da digiri 15, Jos kuwa ba a magana. Amma ɗan shekara shida sai ya tsaya a filin asambile ƙarfe bakwai da rabi, ƙafa duk faso, hanci na zuba, sannan ya shiga ajin da tagoginsa babu marfi ya zauna a kan siminti. Wanda ya makara kuma a tare shi a bakin get da bulala.

Abin haushin, ana sanin zuwan wannan yanayi tun kafin ya iso. Ƙurar tana tasowa ne daga yankin Bodele a arewacin Chadi, tauraron ɗan Adam yana ganinta tun tana hanya. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen kwana uku, har da gargaɗi ga masu asma. Kamfanonin jirage suna dubawa su ɗage tashi idan hazo ya rufe gari. To jirgi ya fi ɗan firamare daraja ne?

A Amurka, idan aka hango ƙanƙara, hukumar makarantu takan sanar da iyaye tun dare ko da asuba: an rufe, ko an jinkirta shiga da awa biyu. Mu ba rufewa muke nema ba, yaranmu sun rasa karatu da yawa. Jinkiri kawai.

A matsayina na ma'aikacin gwamnati na san takarda ɗaya daga ma'aikatar ilimi ta isa. A rubuta ƙa'ida: idan hasashe ya nuna tsananin sanyi ko hazo, a shiga aji ƙarfe tara, a soke asambile, a ƙara awa ɗaya a tashi. A sanar a rediyo bayan isha'i. Ba kwangila, ba kasafi.

Masu cewa "ai mu ma haka muka yi ba mu mutu ba", ku leƙa sashen yara na asibiti a watan Janairu ku ji tarin. Ɗan mai hali yana da rigar sanyi da mota. Ɗan talaka ne ke takawa cikin ƙura.

Iyaye, ku tada maganar nan a taron PTA tun yanzu. Allah Ya kare mana yaranmu.