Daga Bakin Shago: Idan Na'ura Ta Tsaya, Wa Za Ka Kira?

Yau zancenmu a kan manhajar lissafin shago ne, wadda a nan Duwala muke ce wa lojisiyel. Masu sari da yawa a Marché Central da Mboppi sun ajiye babban littafi sun koma kwamfuta. Ita ke ƙirga kaya, ita ke fitar da rasit, ita ke riƙe sunayen masu bashi. Madalla. Amma na lura muna ciniki mai zafi a kan kuɗin saka ta, da yaron ya ambaci kuɗin kulawa na shekara kuwa sai mu ce, "Bar wannan tukuna, ai sabuwa ce."

Mai tirelar da ke jigilar Duwala zuwa Kusiri bai taɓa sallamar makanikensa don motar sabuwa ce ba. Ita manhaja ma ba aiki ke tsufar da ita ba, duniya ce ke tafiya ta bar ta. A 2014 lambobin waya a Kamaru suka tashi daga 8 zuwa 9. A Janairun 2018 sabon tsarin lissafi na SYSCOHADA ya fara aiki. TVA yau 19.25 ce cikin ɗari, kuma kowace shekara dokar kuɗi na iya taɓa wani abu. Microsoft ta daina kula da Windows 10 kyauta ranar 14 ga Oktoba 2025. Kowanne sai an shigo an gyara, in ba haka ba na'urar ta ci gaba da ba ka lissafin jiya ba tare da ta nuna komai ba.

Wani maƙwabcina a New Bell, mai atamfa, wani yaro ya saka masa kwafin da ba na asali ba a kan kuɗi kaɗan. Shekara biyu lafiya lau. Wata rana aka ɗauke wuta ana tsakar rubutu, da ta dawo manhajar ta ƙi buɗewa. Yaron ya tafi Libreville, lambarsa ba ta shiga, kuma shi kaɗai ya san kalmar sirrin. Bashin abokan cinikinsa na Garwa da Njamena duk yana ciki. Sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya a waya yana tambayar, "Alhaji, nawa ne ma ya rage?" Masu tsoron Allah suka faɗi gaskiya. Sauran kuma, to.

Kafin ka biya, sa a rubuta maka a takarda: wa zai zo idan ta tsaya, cikin awa nawa, nawa ne a shekara. Mai ofis da za ka iya takawa ka same shi ya fi mai lambar waya kawai. Kalmar sirri ta babban mai iko ta zauna a hannunka, ɗaya daga cikin 'ya'yanka kuma ya koyi aikin. Sayi ondilar, batirin nan da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta tafi.

Kwafin bayanai kuwa kada ya kwana a shago. Mun ga gobarar Marché Congo, mun san ruwan damina a unguwarmu. Kowace yamma a kwafa a kile, ka jefa a aljihu. Duk wata uku ka sa mai gyaran ya buɗe kwafin a wata kwamfutar a gabanka, ka nemi sunan mai bashi guda ka ga ko adadin ya fito daidai.