Wa Ya Koya wa Malami Rubutu?

Duk sa'ad da aka ce yaran firamare ba su iya karatu ba, mu ake nunawa da yatsa. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malamai jarrabawa, ta ce fiye da 21,000 sun faɗi, aka sallame su. Ba mu zo kare wanda bai iya aikinsa ba. Amma waɗannan bayin Allah da takardar shaida suka shiga aji, kuma ba mu ji an kira masu sa hannu a takardun an tuhumce su ba.

Mu da muka yi shekara uku a kwalejin ilimi mun san yadda ake koyar da rubutu a can. A tara ɗalibai ɗaruruwa a zaure guda, malami ya yi ta bayani, na baya ba sa ji, a sayi takardun darasi a haddace, a amayar ranar jarrabawa. Da yawanmu mun gama ba a taɓa karɓar insha'inmu an bi shi da jan biro an ce mu sake ba, da Hausa ko da Turanci. Rubutu kuwa sana'ar hannu ce kamar ɗinki, ba a koyonta da kunne. Wanda ba a gyara wa jimla ba, ta yaya zai gyara ta yara saba'in?

Adabin yara ya fi shan wulaƙanci. An ɗauke shi wasa, abin da za a taɓa a wuce. Alhali manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshensa. To da wane littafi? Har gobe Magana Jari Ce muke ɗauka, wadda ta fara fitowa a 1937, sai Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, in an yi sa'ar samun kwafin da gara ba ta ci ba. Mu tuna su wa suka ci gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya: Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja, Bello Kagara mai Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar. Malaman makaranta ne. A zamaninsu haziƙan yara ake zaɓa a kai Kwalejin Katsina domin su zama malamai.

Yau an juya lamarin. Hukumar JAMB ta sha sanya makin shiga kwalejin ilimi ƙasa da na jami'a, wato koyarwa ta zama mafakar wanda ya rasa gurbi. Haziƙin da ya shigo don son aikin kuwa (akwai su, muna ganinsu a lokacin gwajin koyarwa) ba a tanadar masa wani aji na musamman da zai ja shi gaba, sai ya gaji ya canza hanya.

Saboda haka muna kira ga shugabannin reshenmu su kai wannan batu taron jiha, daga can ya isa ga Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa. A raba ajin rubutu ƙanana yadda malami zai iya duba aikin kowa duk mako. Kada ɗalibin sashen firamare ya karɓi shaida sai ya rubuta ɗan littafin yara da harshen garin da zai koyar, ya karanta shi a gaban 'yan aji biyu, an ga ko sun natsu. Waɗanda suka yi fice kuma a ba su tallafin karatu, a buga littattafan nasu a raba wa makarantu.